Kunun Kanwa a Kpangalam

Takardar ta iso hannun Rahinatou ranar Laraba da la'asar, tana warin albasa, don kwana biyu ta yi a aljihun wani direba da ya kai albasa kudu ya dawo. Lokacin an shiga wata na biyar da fara yajin aikin gama-gari. Gidan waya a rufe yake, tarho ya zama kayan ado a kan tebur, duk mai saƙo daga Sokodé zuwa Dapaong sai ya je tasha ya sami direba ya haɗa shi da Allah da Annabi. Djibril ne ya rubuto, mijin ƙanwarta Khairiya, mai walda a unguwar Kpangalam. Layi huɗu ne kacal, da rubutun mutumin da ya fi sabawa da guduma. Khairiya ta kusa kwana ashirin da haihuwa, yaro lafiya lau. Ƙafafunta sun kumbura har gwiwa. Ba ta iya kwanciya, a zaune take barci. Mma ta ce sanyi ne ya shige ta, ta ƙara mata kunu.

Layin ƙarshen nan Rahinatou ta karanta sau uku, ranta na ƙara ɓaci. Shekararta goma sha biyu tana aikin jinya a wani asibitin mishan da ke bakin garin Dapaong, kuma ta san kunun da ake nufi. Gidansu jikokin fataken goro ne, waɗanda suka sauke kaya a Zongon Sokodé suka ƙi komawa. Abubuwa da yawa sun zube musu a hanya. Hausarsu ta sha Kotokoli da Faransanci har ta ƙoshi, samarinsu ba su san ko sunan garin kakansu ba. Amma jego kam ba a taɓa shi. Kwana arba'in mai jego tana wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, tana kwana a ɗaki mai garwashi, tana shan kunun kanwa har ta ce ya isa a ce mata bai isa ba. Mahaifiyarsu kuwa, Mma Safiyatu, ba ta yarda akwai macen da ta kai ta iya dama shi ba daga nan har Kano, garin da ba ta taɓa takawa ba.

Abin da Mma ba ta sani ba, Rahinatou ta gan shi da idonta a gadon asibiti. Kanwa gishiri ce, gishiri kuwa yana tare ruwa a jiki. Mace mai lafiyayyar zuciya takan sha ta fitsarar, ta gama arba'in ta fito ɓul-ɓul ana yaba wa mai dama kunu. Amma akwai wadda haihuwa ke barin zuciyarta a gajiye. Ita wannan, ruwan taruwa yake yi, ya fara daga ƙafa, ya hau ciki, ya shiga huhu, zuciyar ta yi ta turawa har ta kasa. In ta kasa, jini ya daina kaiwa gaɓoɓi, jiki ya yi sanyi. Sai mutanen gida su ce ga sanyin nan da muke faɗa, su ƙara kanwa.

Ta kai wa likitan da take aiki a ƙarƙashinsa takardar. Tsoho ne, ba ya ɓarnar magana. Ya karanta, ya buɗe kabad, ya ɗauko 'yan ƙananan kwalabe huɗu na dopamin, maganin da ke ɗaga zuciyar da ta durƙusa, ya haɗa mata da allurar sa fitsari da robar fitsari da kwalaben ruwan sukari biyu. Ta Burkina maganinsu ke shigowa, shi ya sa har yanzu suke da abin bayarwa. Ya rubuta mata adadin ɗigo a bayan takardar Djibril, ya ce hanya ba kyau. Ta ce ta sani.

Washegari bayan asuba ta shiga wata tsohuwar motar haya mai cin mutum tara, wadda aka cusa wa goma sha biyu. Suka wuce Tandjouaré, suka wuce Mango, shinge bayan shinge, a sauko a nuna kati a koma. A shinge na shida wani soja ya duba katinta ya ga haifaffiyar Sokodé ce. A waɗannan kwanaki wannan kaɗai laifi ne, don an ɗauka duk ɗan Sokodé da adawa aka haife shi. Ya zazzage jakarta a kan murfin injin mota, ya ɗaga ƙananan kwalaben maganin yana dubawa a rana. Da Hausar kasuwa ya yi mata magana, irin wadda ba ta raba mace da namiji.

"Kai za ka kai ma masu jifan soja magani, ko?"

Ta ce na ƙanwarta ne, mai jego, tana bakin mutuwa. Ya ce kowa haka yake faɗi. Ya zuba kwalaben a aljihun gaba, ya ɗaga wa direba hannu ya wuce.

Rahinatou ba ta koma mota ba. Ta je gaban katakon ƙusoshin da suka tare hanya da shi, ta gyara zanenta, ta zauna a kan kwalta. Kada a ce jarumta ce tsantsa, tsoro take ji sosai. Amma ta ɗaga kai ta dubi sojan.

"Ba na tashi sai da maganina. In harbi ne, ka harbe ni a nan gaban matan nan, su kai labari gida."

Matan da ke cikin motar 'yan kasuwa ne, kuma wanda ya taɓa ciniki da matan wannan hanya ya san ba a tsokanar su da rana tsaka. Suka sauko ɗaya bayan ɗaya. Wata mai kwandon zabi ta fara yi wa sojan faɗa da yaren Moba, wata ta karɓa da Hausa, zabin ma suka sa baki. Motoci suka taru a baya ana ta oda. Can babbansu ya fito daga inuwar mangwaro, ransa a ɓace don an katse masa barci, ya ce a ba matar nan tarkacenta ta tafi. Sojan ya zaro kwalaben ya watsar a ƙasa. Ɗaya ta fashe. Rahinatou ta tsince ukun, ta goge su da bakin mayafi, ta sa su a cikin rigarta, ba ta kalle shi ba.

An idar da azahar suka shiga Sokodé. Shaguna a rufe, ƙonannun tayoyi a kowace mararraba, samari na zaune a kan bencina suna lura da wanda zai karya yaji. A gidansu ta tarar da tukunyar wanka har yanzu tana kan wuta, wata maƙwabciya na goye da jaririn. Ita ta gaya mata tun da hantsi Khairiya ta sulale a banɗaki, aka kwashe ta zuwa ƙaramin asibitin Kpangalam. Rahinatou ba ta ko leƙa fuskar yaron ba ta juya.

Ma'aikatan asibitin duk suna yaji, sai mutum ɗaya, Alassani, wani dattijon ma'aikacin jinya Bakotokole wanda ya ce shi yajinsa a bakin ƙofa yake tsayawa. Mutumin kirki ne, wannan a faɗa. Shekarar da amai da gudawa suka shigo unguwar, shi kaɗai ya ceci rabin Kpangalam da ƙarin ruwa, kwalba bayan kwalba. Tun daga nan mutane suka ɗauka ƙarin ruwa shi ne magani. Wanda ya je asibiti ba a rataya masa kwalba ba, in ya dawo gida cewa yake ba a duba shi ba. Alassani ma, a hankali, ya zo ya yarda da su.

Abin da Rahinatou ta gani da ta ɗaga labule ya sa jakarta ta kusa faɗuwa. Khairiya na kwance a miƙe a gadon ƙarfe, an sa bulo biyu an ɗaga ƙafafun gadon, kanta ya yi ƙasa. Kwalbar ruwan gishiri ta biyu na zuba a jijiyarta, an buɗe ta har ƙarshe. Leɓɓanta sun yi toka-toka, gumi ya jiƙa mata goshi, numfashinta na fita da ƙara kamar ana hura kara a cikin ƙwaryar ruwa. Mata biyar na jikin bango suna salati ƙasa-ƙasa. Mma Safiyatu na bakin gado, filas a gefen ƙafarta, Djibril na tsaye ya rasa inda zai sa hannunsa.

Ba ta yi sallama ba. A gidansu wannan babban abu ne, amma ba ta yi ba. Ta wuce kowa ta murɗe makullin robar, ruwan ya tsaya cak. Ta kama hannun ƙanwarta, sanyi ƙalau har gwiwar hannu, bugun jinin siriri yana gudu da ƙyar ake jin sa. Ta danna ƙaurinta, yatsa ya lotsa, ramin ya ƙi cikowa.

Mma ce ta fara magana. Rahinatou 'yar fari ce, uwar ba ta kama sunanta. "Ke, daga zuwanki? Ruwan nan shi ke riƙe da ranta, kika rufe?"

"Shi ke kashe ta, Mma. Djibril, cire bulon nan."

Djibril ya dubi surukarsa, ya dubi Alassani, bai motsa ba. Alassani ya matso, ransa a ɓace, don ba a taɓa shigo masa ɗaki a taɓa masa kwalba ba. Ya ce tansiyo ɗinta, wato awon ƙarfin jini, bakwai ne maimakon goma sha biyu, ya auna sau biyu. Shi ma Hausarsa ba ta raba mace da namiji. "In tansiyo ya faɗi, ana ɗaga ƙafa, ana sa sirom, ƙarin ruwa. Haka aka koya mana. Shi ba shi da jini a jiki, dubi hannunsa."

Rahinatou ta san in ta tsaya gardama za a yi jana'iza kafin la'asar. Ta zare abin sauraren ƙirji daga wuyansa, ta sa masa a kunne da hannunta, ta ɗora bakin a bayan Khairiya. Ta ce ya saurara. Sannan ta karkatar da kan yarinyar ta nuna masa jijiyar wuya, ta cika ta yi tsaye har gindin kunne. Ta ce masa mai gudawa jijiyarsa a bushe take, wannan kuwa a cike take fam. Ba ruwa ta rasa ba, abin tura ruwan ne ya gaji. Kowane ɗigo da ya ƙara mata, huhu ya tafi.

Alassani ya daɗe yana saurare. Fuskarsa ta sauya a hankali. Ya cire abin daga kunne, ya durƙusa da kansa ya zare bulo na farko. Djibril ya zare na biyu.

Suka ɗaga ta zaune, ƙafafunta na lilo a bakin gado. A nan ne rigimar gaske ta tashi. Khairiya ta yi tari, kumfa mai ruwan hoda ta fito mata ta baki, sai matan bango suka ɗaga muryar salati. Mma ta miƙe tsaye. Ta ce mutumin da ya kai nan ba a wahalar da shi, a kwantar da shi ake yi a gefen dama, a fuskantar da shi alƙibla, a laƙƙana masa kalma. Ta ce ba za ta bari 'yarta ta cika a zaune kamar mai jiran mota ba, Zongo duka su ji. Matan suka ce gaskiya ne, biyu ma har sun matso za su kama kafaɗa.

Rahinatou ta shiga tsakaninsu da gadon. Tunda take ba ta taɓa ɗaga wa uwarta ido ba, yau ta ɗaga.

"Duk wadda ta kwantar da ita, ita ta kashe ta, kuma zan faɗa a gaban liman. Ba ta kai can ba. Ku yi salatinku daga inda kuke."

Wata tsohuwa ta ce boko bai yi ba, ta ja mayafi ta fita. Mma ta ce, da murya mai sanyi wadda ta fi ihu ciwo, in yarinyar nan ta cika a haka, kada Rahinatou ta sake taka mata gida. Rahinatou ta ji maganar har cikin ƙashinta. Ta ce ta yarda.

Ta tambayi Alassani iskar numfashi. Ya nuna mata tukunyar iskar a lungu, ya ce tun watan azumi ta ƙare, motar da ke kawowa daga Lomé ba ta zuwa. Sai idonta ya faɗa kan hannuwan Djibril masu tabon wuta. Ta tambaye shi da me yake yanka ƙarfe. Ya ce da tukwane biyu, ɗaya gas ɗaya oksijan. Ta ce akwai saura a ta oksijan ɗin? Ya ce ta fi rabi, tun da aka fara yaji bai kunna ba. Alassani ya ce wannan ta gareji ce, doka ba ta yarda a sa wa mutum ba. Rahinatou ta ce doka ta zo ta kawo tata. Djibril ya ce samarin mararraba sun rantse duk wanda ya buɗe shago za su ƙone shi. Ta dube shi kawai, ya fita da gudu.

Yanzu ga aiki ga rashin hannu. Khairiya ba ta iya zama da kanta, sai an tallabe ta, Rahinatou kuwa tana bukatar hannayenta biyu, Alassani na neman wata jijiya. Ta ce wata ta zo ta zauna a bayanta. Ba wadda ta motsa, kowa na kallon Mma. Rahinatou ta saki kafaɗar don ta fasa bakin kwalbar magani, sai Khairiya ta tafi luu za ta kife. Kafin kowa ya ankara Mma ta tare ta. Ta hau gadon da tsufanta da ciwon gwiwarta, ta zauna a baya, ta jingina 'yar a ƙirjinta ta rungume. Ba don ta yarda ba, fuskarta ta nuna haka. Uwa ce kawai, ba ta iya ganin ɗanta zai faɗi ta tsaya.

Rahinatou ta juye dopamin ɗaya a kwalbar ruwan sukari, ta girgiza, ta rataya a inda ta sauke ta gishirin. Ba injin awo, ba komai, sai agogon hannunta da ƙaramin makullin roba. Ɗigo goma sha biyar a minti, haka likita ya rubuta. In ya yi ƙasa, ba zai yi aiki ba. In ya yi sama, zuciyar za ta rikice ta tsaya. Ta murɗa, ta ƙirga, goma sha tara. Ta rage, goma sha biyu. Sai a karo na huɗu ya zauna. Ta sa robar fitsari, ta ɗaura jakar a ƙafar gado, ko ɗigo bai fito ba. Alassani ya ɗauko allurar sa fitsari, ta ce ya dakata, sai tansiyo ya ɗan ɗaga, in ba haka ba ƙasa za ta ƙara yi.

Can aka ji hayaniya a waje. Djibril ne ya turo tukunyar a kura, rigarsa a yage, samari huɗu na biye da shi. Daga baya aka ji yadda aka yi. Yana buɗe kwaɗon shago suka yo kansa, ya ce musu matarsa ce ke mutuwa, suka ce kowa haka yake faɗi. Ya ɗauki ƙarfe ya ce to wanda ya isa ya tare. Suka biyo shi don su ƙaryata shi, da suka leƙo ɗakin suka ga abin da ke ciki, su ne suka kama tukunyar suka shigo da ita. Kan tukunyar asibiti mai daidaita iska bai hau bakin wannan ba. Djibril ya yi amfani da nasa kan, ya haɗa roba, Rahinatou ta bi da ita ta cikin kwalbar ruwa mai tsabta don iskar ta jiƙa, ta maƙala wa ƙanwarta a hanci. Ruwan ya fara ɓul-ɓul.

Daga nan sai jira, kuma jira ya fi komai wuya. Kowane minti goma Alassani ya auna, ya faɗa. Bakwai. Bakwai. Bakwai da rabi. Rahinatou ba ta ɗauke ido daga ɗigon ba, sai in za ta taɓa hannu. A ranta tana lissafin cewa kwalba uku ba za su wuce kwana ɗaya da rabi ba, kuma tana jin haushin sojan nan. Tana kuma jin tsoro, don ta ga matan da aka yi wa duk wannan suka tafi. In Khairiya ta tafi, ta rasa ƙanwa ta rasa uwa a rana ɗaya, kuma Zongo ba zai taɓa cewa kanwa ce ba, cewa za a yi 'yar boko ta rufe ruwa. Aka kira la'asar, matan suka fita salla biyu-biyu. Mma ba ta sauka ba, ta ce za ta rama.

Da Alassani ya ce takwas da rabi, ta ce ya yi allurar. Suka zuba wa jakar ido, manya uku suna kallon robar fitsari kamar masu duban wata. Minti ashirin ba komai. Sai wani ɗan rawaya ya gangaro ta cikin robar, ya tsaya, ya sake gangarowa, sannan ya zo da gudu. Alassani ya yi wata 'yar dariya, ya share ido da bayan hannu, ya ce shekararsa talatin yana aiki bai taɓa murnar fitsari haka ba. Kafin rana ta yi ja an juye jakar sau biyu. Ƙarar numfashin ta ragu, yatsun Khairiya suka fara ɗumi, tansiyo ya kai goma.

Khairiya ta buɗe ido. Ta daɗe tana kallon yayarta kafin ta gane ta, ta ce, "Yaya, ina yaron?" Aka ce yana gida, lafiya lau. Ta ce ƙishi take ji.

Mma ta sauko daga gadon da ƙyar, Djibril ya karɓi wurinta. Ta miƙe ƙafa, ta jawo filas ɗinta, ta buɗe, ƙamshin gero da kanwa ya cika ɗakin. Ta tsiyaya a murfi tana hurawa, fuskarta a sake karon farko tun safe. Ta ce Allah ya yi, sanyin ya fara fita, yanzu sai a bi shi da ɗumi, yarinya ta sami ƙarfi nono ya kawo.

Rahinatou ta riƙe mata hannu. Ta karɓi murfin, ta karɓi filas ɗin, ta je bakin taga ta juye su duka a kwata. Matan da suka dawo daga salla suka dafe ƙirji. A Zongo ba a zubar da abincin uwa, balle a gaban idonta.

"Mma, ba sanyi ba ne. Kunun nan ne. Kanwar ce ta tara mata ruwa har ya kai huhu. In ta ƙara kurɓa ɗaya a jegon nan, duk abin da muka yi yau ya tashi a banza. Ba kunu, ba ruwan zafi, ba garwashi. Ki tsine mini in kina so, amma ba za ta sha ba."

Kowa ya jira tsinuwar. Rahinatou ma ta jira, ta sunkuyar da kai, amma ba ta matsa daga bakin gadon ba. Mma ta tsaya tana kallon filas ɗin da ba komai a ciki. Sannan ta dubi ƙafafun Khairiya, ta miƙa yatsa ta danna ƙaurin kamar yadda ta ga an yi, ta ga ramin ya zauna. Ta daɗe a haka. Ta ce wa matan su ba su wuri, suka fita suna waiwaye.

Ta zauna a kan benci, ta yi magana ba tare da ta ɗaga kai ba. Ta ce tana da ƙanwa, Zénabou, Rahinatou ba ta san ta ba, tana goye aka yi abin. Haihuwar fari ce. Ƙafafunta suka kumbura haka, ta daina kwanciya, tana wannan tarin. Tsofaffi suka ce ragwanta ce, ba ta shan kunu yadda ya kamata. Ita Safiyatu aka sa ta tsare ta. Ita ke damawa, ita ke riƙe mata kai in ta ƙi, safe da rana da yamma. Ranar kwana ashirin da shida ta cika.

"Shekara talatin da bakwai ina cewa ban ba ta da yawa ba." Ta ɗago. "Ke, gaya mini. Shi ne?"

Rahinatou ta so ta yi ƙarya. Ƙaryar tana bakinta, mai sauƙi, ta ce Allah kaɗai ya sani, kwana ne ya ƙare. Tausayin tsohuwar ya kama ta har idonta ya kawo ruwa. Amma ta san in ta faɗi haka, gobe da safe za a sake ɗora tukunya.

"Shi ne, Mma. Ba ki sani ba, ba wanda ya sani. Amma shi ne."

Mma ba ta yi kuka ba. Ta goge tafin hannunta a zane, ta sake gogewa, kamar akwai abin da ya manne. Sai ta miƙe, ta laluba takalmanta a ƙarƙashin gado, ta yafa mayafi. Djibril ya ce ina za ta, ga samari a hanya, ga magariba ta kusa, ta bari ya raka ta in an jima. Ta ce ya riƙe matarsa da kyau, kada ya bari ta kwanta.

"Gidan Mahama maƙwabcinmu zan je. Surukarsa Rabi'atu kwananta tara da haihuwa, da safen nan na aika mata da kunu tukunya guda. Jiya na ga yatsunta sun kumbura, zoben hannunta ya ƙi fita."

Rahinatou ta ce tsofaffin gidan ba za su yarda ba, za su ce Mma ta zautu.

"Su ce," in ji Mma. "Ni na dama, ni zan zubar."

Ta ɗaga labule ta fita, tana ɗingisa ƙafar da ta yi mata tsami.